Yadda ake haɗa taron masu zanen labari da masoyansu a Bauchi

Duk wanda ya ga hotunan taron masoya littattafan zane na San Diego a Amurka, inda mutane fiye da dubu ɗari ke hallara kowace shekara, zai ce wannan ai ba harkar Bauchi ba ce. To amma na 1970, shekarar da aka fara, a ɗakin ƙasa na wani otal aka yi shi, mutum wajen 300 suka je. Comiket na birnin Tokyo a Japan ya fara a Disambar 1975 da rukunin masu zane 32 da baƙi wajen 700. Na Legas ya fara a 2012. Abu guda ne ya riƙe su tun farko: mai zane na zaune bayan teburinsa, aikinsa na gabansa, mai sha'awa ya zo ya ɗaga ya duba ya saya. Zaure da janareta da lasifika da gasar shigar jarumai duk teburin nan suke yi wa hidima. Duk inda kuɗi ya gaza, su za a rage, a bar tebur da abin da ke kansa.

Girman da ya dace da karon farko shi ne tebur 16, masu zane 24 zuwa 32, baƙi 150 zuwa 250, yini guda. Ku ba shi mako 12 na shiri.

Mako 12 kafin ranar: a fara ƙirga masu zane

Kwamiti kada ya wuce mutum biyar: mai hulɗa da masu zane, ma'aji, mai kula da wuri da kayan haya, mai talla, da mai ƙofa da tsaro. Lallai a samu mace a ciki, biyu ma sun fi. Da yawa daga cikin ƙwararrun masu zane 'yan mata ne, kuma iyayensu sun fi sakin jiki in mace ce ta je gida ta yi wa Hajiya bayanin wurin da lokacin tashi.

Kada a kama zaure kafin a san masu zane nawa ake da su. Ana samunsu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, musamman cikin ɗaliban zanen gine-gine, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Tatari Ali, da makarantun sakandare. A leƙa kuma wajen masu rubuta allunan shaguna, da masu zanen lalle, da masu zayyanar allo, da masu zanen hula. Waɗannan ba sa kiran kansu masu komik, wato zanen labari, amma hannunsu ya faɗa, kuma su ne ke sa taron ya zama na gari.

Mutum sittin za su iya shiga zauren WhatsApp su ce suna ciki. Hanyar tace su mai sauƙi ce: kowa ya kawo shafi uku da ya gama tsaf, cikin mako biyu. Waɗanda suka kawo su ne adadinku na gaskiya.

Rana da wuri

Asabar ta fi. Juma'a masallaci ya raba yinin biyu, safiyar Lahadi kuma abokan zane Kiristoci suna coci. A kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata saboda aikin tsaftar muhalli da ke hana zirga-zirgar safe. A kauce wa azumi, da makon sallah, da lokacin jarrabawar WAEC da NECO, da makon jarrabawar jami'a. Maris da Afrilu zafi ya yi yawa ga zaure cike da mutane, Agusta kuma ruwa na iya tsare baƙi a gida. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi daɗi: damina ta ɗauke, hazo bai yi kauri ba. Sai dai lokacin biki ne, zaure da rumfuna da kujeru suna ƙarewa da wuri, don haka a ba da kafin alƙalami mako takwas kafin ranar, a karɓi rasiɗi mai ɗauke da kwanan wata da awannin da aka biya. A duba jadawalin ƙwallon Ingila ma. In akwai babban wasa da yammacin ranar, rabin samarin za su zame zuwa gidan kallo.

Zauren makaranta ya fi na otal araha, kuma iyaye sun fi yarda da shi. Abin da za a duba da ido, ba ta waya ba: ƙofa biyu da ke buɗuwa, tagogi a ɓangarori biyu don iska ta ratsa, banɗaki na maza da na mata daban da ruwa a ciki, wurin alwala da salla, ɗaki ɗaya mai makulli na sauya kaya, da wurin da keke Napep zai iya sauke fasinja. A tafi da tef ɗin awo. Zaure mai faɗin mita 12 da tsawon mita 18 ya isa.

Izini kuma a rubuce. Takarda ɗaya ga mai zauren, ɗaya ga ofishin 'yan sanda na yankin mako uku kafin ranar, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Mai unguwa kuwa zuwa ake yi a gaishe shi: "Ranka ya daɗe, yaranka ne masu zane za su baje kolin aikinsu, mun zo neman albarka." A nuna masa littafi ɗaya ko biyu ya gani da idonsa. Za a iya tambayar ku game da zanen mai rai, don malamai sun yi magana a kai. Kada ku ja musu a ƙofar gida, ku dai faɗi ƙa'idojinku, kuma ku tabbata kun rubuta su tun farko kowane mai zane ya sa hannu: ba siffanta Annabawa ko Sahabbai ta kowace fuska, ba tsiraici, ba izgili ga addini ko ƙabila, ba zanen cin mutuncin wani da aka sani. Mutum biyu daga kwamiti su duba duk abin da zai hau tebur tun ana sauran mako guda.

Abin da zai hau tebur

Nan ne yawancin taruka ke faɗuwa. Mai zane ya zo da waya cike da hotunan aikinsa, tebur kuma wayam. Baƙo ba zai sayi abin da ke cikin waya ba. Kowane tebur na bukatar abu uku: mai araha da ɗan sakandare zai saya da kuɗin tara, irin su sitika da ƙaramin kati, matsakaici, wato ɗan littafi, da mai tsada guda ɗaya ko biyu, kamar babban zane na ainihi, wanda ko ba a saya ba shi ke tsayar da mai wucewa.

Ɗan littafin da ya fi sauƙin bugawa shi ne mai girman A5, wato milimita 148 da 210, baƙi da fari, shafi 16. Takardar A4 guda, in an naɗe ta biyu, shafi huɗu take bayarwa. Shi ya sa adadin shafuka dole ya rabu da huɗu: 8, 12, 16, 20. Wanda ya zana shafi 14 sai ya ƙara biyu ko ya rage biyu.

A zana kowane shafi a kan A4, a rage shi zuwa kashi 71 cikin ɗari ya koma A5. Ragewar tana gyara rawar hannu, amma tana cinye siraran layuka. Alƙalami mai bakin 0.05 layinsa ɓacewa yake, a yi amfani da 0.3 zuwa 0.5 a jikin mutane, 0.8 a gefen akwatunan zane. Rubutun cikin kumfar magana kada ya gaza milimita 3 a tsayi a kan A4. A bar milimita 10 fari a kowane gefe, don injin fotokwafi ba ya kai tawada bakin takarda. Inuwar fensir da launin toka suna fitowa dabbare-dabbare a fotokwafi, gara a yi inuwa da jerin layuka ko ɗige-ɗige. Baƙi mai faɗi, kamar sararin dare da ya cika rabin shafi, yana fitowa da zane-zanen fari in hodar injin ta yi ƙasa, kuma wasu masu shago suna ƙara kuɗi a kansa.

Sikana ta fi kyamarar waya. A ɗauka da ɗigo 600 a inci in baƙi da fari ne, 300 in mai launi ne. In waya ce kaɗai, a shimfiɗa takardar a inuwa da rana tsaka, a kashe filasha, a riƙe wayar daidai saman tsakiyar shafin don kada ya karkace. Kada a tura shafuka ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su har layi ya farfashe. A tura a matsayin fayil, ko a kai a filash.

Ga wata matsala tamu ta masu Hausa: yawancin salon haruffan komik da ake saukewa daga intanet ba su da ƙ da ɗ da ɓ. A kwamfutarka za ka ga kamar lafiya, a ta mai shago su koma akwatuna, ko su fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. A gwada haruffan uku, manya da ƙanana, kafin a fara rubutu. A fitar da aikin a PDF mai ɗauke da haruffansa, ko a rubuta da hannu, wanda sau da yawa ma ya fi kyau.

Jera shafuka shi ne inda ake asarar takarda. A littafi mai shafi 16, takarda huɗu ce, kowace da gaba da baya. Ta farko: gaba 16 a hagu da 1 a dama, baya 2 da 15. Ta biyu: 14 da 3, baya 4 da 13. Ta uku: 12 da 5, baya 6 da 11. Ta huɗu: 10 da 7, baya 8 da 9. Kowane shafi biyu da ke maƙwabtaka jimlarsu 17 ce, in ba ta kai haka ba an yi kuskure. Hanya mafi aminci ita ce a naɗe fararen takardu huɗu, a rubuta lambobi, a warware, a ba mai shago ya bi. In injin yana buga gaba da baya da kansa, a zaɓi juyawa ta gajeren gefe, in ba haka ba bayan zai fito a kife. A cire zaɓin da ke rage shafi ya dace da takarda, don yana kawar da tsakiya daga wurin naɗi. Wanda ya yi labarinsa da ajami ya juya jerin gaba ɗaya, don littafin daga dama ake buɗe shi, akwatunan zanen ma daga dama za su fara.

Cikin littafi takarda mai giram 80 ta isa. Mai giram 70 baƙin baya yana leƙowa. Bango kati mai giram 250, a buga shi mai launi a wurin masu injin buga launi da ake kira DI, bango biyu a kan A3 guda. Tsarin launin allon kwamfuta RGB ne, na injin bugu CMYK, don haka shuɗi mai haske da kore shar suna dusashewa a takarda. A buga gwaji ɗaya a duba a hasken rana kafin a ce a ci gaba. Firintar gida mai ruwan tawada ba ta dace da abin sayarwa ba: gumin hannu kaɗai ya isa ya dame ta.

Wurin ɗinki, ƙaramar sitefila ba ta kai tsakiyar A4. In ba a samu mai dogon hannu ba, a buɗe ƙaramar gaba ɗaya, a kifa littafin a kan kwali mai kauri, a danna waya biyu a kan layin naɗi daga waje, kowace santimita 5 daga baki, sannan a juya a lanƙwasa ƙafafun da bayan cokali. Bayan naɗi shafukan tsakiya za su ɗan fito waje, a daidaita su da rula ta ƙarfe da reza mai kaifi, littafi ɗaya-ɗaya. A danne su da nauyi kwana guda.

Yanayi ma na taɓa takarda. Da damina tana shan danshi ta maƙale a inji. Da hunturu tana lanƙwashewa, takardu su manne da juna injin ya ja biyu tare. A sayi rim a rufe, a buɗe ranar bugu, a karkaɗa shi kafin a sa. Littattafan da aka gama a sa su a leda, a bar guda ɗaya a waje na dubawa.

Kwafi 30 zuwa 40 sun isa karon farko. Lissafin farashi: a haɗa kuɗin bugu da bango da kuɗin mota, a raba da adadin kwafi, a ninka biyu da rabi. A ce kwafi ya tashi naira 400, a sayar 1,000, wanda ya sayar da 16 cikin 40 ya mayar da kuɗinsa. Duk farashi a rubuta shi baro-baro, don yaro mai kunya ba zai tambaya ba, wucewa zai yi. Zanen fuska nan take yana kawo ciniki ƙwarai, amma a tsayar da shi a minti 15, a rubuta sunaye a layi, kada a karɓi fiye da abin da za a gama kafin la'asar.

Zanen jaruman katun ɗin Japan da na Amurka shi ke jawo matasa, ba musu. Sai dai haƙƙin mallakarsu na masu su ne, kuma Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Wanda ya sauke hoton wani daga intanet ya buga ya kawo sayarwa, a hana shi tebur. Ra'ayinmu shi ne aƙalla rabin kowane tebur ya zama ƙirƙirar mai shi. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da tarihin ganuwar Bauchi da ƙofofinta, da rayuwar kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, duk abin zanawa ne.

Tsarin zaure da wuta

Teburin haya tsawonsa wajen mita 1.8 ne, faɗi santimita 75, mutum biyu yake ɗauka. A jera shida a kowane dogon bango, huɗu a bangon ƙurya, a bar mita 1.2 tsakanin tebur da bango don kujera da jaka. Bayan kowane tebur biyu a bar gibin santimita 60 na fita. Tsakiya za ta rage wajen mita 8: a shimfiɗa tabarmi a tsakiyarta da takardu da fensira don yara, a bar hanyar mita 2 ko fiye a kowane gefe. Fitattun masu zane a kai su ƙurya. In an sa su bakin ƙofa, cunkoso zai toshe shiga, na ciki kuma su yini ba ciniki. Abinci da zoɓo da kunun aya a waje ƙarƙashin rumfa, kada kofi ɗaya ya shiga inda takarda take.

A ɗauka wutar NEPA ba za ta zo ba. Lissafin janareta: fanka takwas a wat 75, 600 ke nan, lasifika da amfilifaya 500, na'urar haska bango 300, kwamfuta huɗu 260, ƙwan fitila goma 150. Jimla 1,810. Janareta mai 3.5 kVA wat 2,800 yake bayarwa, nauyin ya tsaya wajen kashi 65 cikin ɗari, daidai ke nan. Abin da ke kashe shi shi ne wani ya jona firintar leza ko dutsen guga ko butar lantarki, kowanne yana jan fiye da wat dubu. A hana. Mai kuma a lissafa lita ɗaya da rabi a awa, a ƙara lita huɗu ta ko-ta-kwana. A ajiye janaretan aƙalla mita 6 daga tagogi, bakin hayaƙin na kallon waje, don hayaƙinsa na kisa. Ba a zuba mai yana aiki ko yana da zafi. Wayar da ke naɗe a kan faifai a warware ta duka, a naɗe zafi take ɗauka. Duk wayar da ta ratsa hanya a manne ta da tef.

Lasifika dai a rage ta. In mai zane sai ya ɗaga murya kafin mai saye ya ji shi, ciniki ya mutu.

Shigar jarumai da kayan yaƙin da

A Amurka tun 1963 ake yin bukukuwan da mutane ke shigar Turawan zamanin da, da sulke da takubba na kwaikwayo. Mu a nan na gaske ake fitowa da su a hawan sallah: sulke, lifidi, kwalkwali, garkuwa, takobi a hamila. Saboda haka gasar shiga a raba ta biyu, ɓangaren jaruman littattafai da katun, da ɓangaren mayaƙan da. Na biyun ne ke jawo iyaye.

Lifidi ya fi sauƙi. Yadi biyu ne da audugar rimi ko siririn soso a tsakani, tela ya bi da ɗinki layi-layi, tazarar santimita 4 zuwa 5. In tazarar ta fi haka audugar na gangarowa ƙasa ta dunƙule. Yana da zafi sosai, kada a sa shi fiye da minti 20 a jere, kuma a ajiye ruwa kusa.

Sulke aikin haƙuri ne. Ana naɗa wayar alminiyam mai kaurin milimita 1.6 a jikin rodi mai milimita 8, a zare, a yanke zobe-zobe. Mita guda na waya zobe wajen 33 yake bayarwa. Kowane zobe yana ratsa huɗu, a rufe bakinsa da filaya biyu har ya haɗu, in an bar gibi zai kama riga ya kuma zame. Cikakkiyar riga tana cin zobe fiye da dubu goma, don haka mai mako takwas ya yi na wuya da bakin hannu kawai, riga ta rufe sauran. Alminiyam na baƙanta farin yadi, a sa baƙar riga a ƙasa. Hanya ta biyu: a ba mai kwarashi ta saƙa riga da baƙin zare mai kauri, a shafa fentin azurfa sama-sama da busasshen buroshi. Daga nisan mita uku ba mai bambancewa.

Kwalkwali a fara da ƙwarya daidai kai, a liƙa mata takardar jarida da farin gam hawa biyar, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba ciki zai yi fumfuna. A rufe da yadi mai ɗinkin lifidi, a kafa gashin tsuntsu a sama a madadin na jimina, a sa soso a ciki da igiyar haɓa. Garkuwa kwali uku ne a manne, na tsakiya a gicciye don kada ta lanƙwashe, a rufe da fata ko leda mai kama da fata. Dukawa za su yi maka maɗauri da kube fiye da yadda za ka yi da kanka. Takobi kuma robar da masu haɗa silifas ke yankawa, falle biyu, da fayif ɗin wayarin a tsakiya wanda ya tsaya santimita 5 kafin tsini, don tsinin ya zama mai laushi. A manne da gam ɗin takalmi, a shafa a fuska biyu a bari ya sha iska minti goma kafin a haɗa. Gam ɗin kyandir yana saki in kayan sun zauna cikin mota a rana. Fentin feshi yana cinye farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, sai an fara shafe shi da farin gam hawa biyu.

Ƙa'idojin ƙofa ba sassauci: ba ƙarfe mai kaifi ko marar kaifi, ba baka mai tsarkiya, ba bindigar wasa kowace iri. Kakin soja da na ɗan sanda doka ta hana farar hula sawa. Ba a zuwa daga gida fuska a rufe, a ɗakin sauya kaya ake sa komai, a cire kafin a fita titi. Rawani mai kunne biyu, da alkyabba, da kayan dogarai, da sandar girma, kayan sarauta ne masu ma'abota. Wanda ke son nuna su ya nemi izini ta hannun wani mai sarauta, in ma an dace a samu wanda zai zo ya yi bayaninsu, abin ya fi armashi. Hoto kuma sai an tambaya, musamman na mata da yara. A rubuta wannan a ƙofa da Hausa da Turanci.

Alƙalai uku sun isa, ɗaya tela ko baduku. Maki a kan aikin hannu, da kama da abin da aka kwaikwaya, da bayanin minti ɗaya da mai shigar zai yi. Wanda ya sayo kayansa ɗungurungum ya yi fareti, amma ba ya cikin gasa.

Kuɗi da talla

Kuɗin tebur da na masu tallafi su biya zaure da haya da mai tun kafin ranar. Kuɗin ƙofa riba ce ko maganin abin da ba a zata ba, kada a dogara da shi wajen biyan bashi. A ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi a gefe. Tallafin kaya ya fi na kuɗi saurin samuwa: mai shagon bugu ya yi bana, mai kantin littattafai ya ba da fensira da takarda, mai ruwan leda ya ba da jaka ashirin, a sa sunayensu a bana. Kuɗin shiga kada ya wuce farashin ɗan littafi guda, ɗalibai rabi, yara 'yan ƙasa da shekara goma kyauta in suna tare da babba. In ƙofa ta cinye kuɗin aljihun baƙo, masu tebur ne suka yi asara.

Talla ta fara mako huɗu kafin ranar. Kullum a sa aikin mai zane ɗaya a Facebook da WhatsApp da TikTok, da rana da wuri a jikin hoton. A kai takardar gayyata ga shugabannin makarantu da malaman zane, a nemi 'yan mintuna a shirin matasa na gidan rediyon jiha ko Globe FM.

Ranar taro

Tebura da wayoyi a jera su tun ranar Juma'a da daddare. Masu zane su iso ƙarfe 8, a buɗe ƙofa ƙarfe 10. A ƙofa mutum biyu, ɗaya na karɓar kuɗi ɗaya na buga hatimi a hannu, da mace mai duba jakar mata. A tanadi canji da yawa tun jajibiri, da POS guda na kowa a teburin ma'aji. Wanda ya ce ya tura kuɗi, a duba asusu a gani, saƙon waya ko hoton rasiɗi ba shaida ba ne. Kowane tebur ya rubuta lambar asusunsa a kati.

Ajin koyon zane na minti 45 ya dace da ƙarfe 11:30, mutum 20, a gefe guda. Daga 1 zuwa 2 salla da abinci: a kashe lasifika, maƙwabcin tebur ya tsare wa maƙwabcinsa, a yi bi da bi, don a wannan awar ake ɗauke waya da zanen ainihi. 'Yan sa-kai a ba su abinci kafin kowa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gasar shiga ƙarfe 2:30, a gama kafin la'asar. Kada a kai ta ƙarshen yini da sunan riƙe mutane, masu lifidi za su galabaita, 'yan mata kuma an ce su dawo gida da wuri. Bayan la'asar a ba da kyaututtuka, a bar awa guda ta ciniki, don da yawa sai sun zagaya sau biyu suke yanke abin da za su saya. A rufe 5:30, a share, a ƙirga tebura da kujeru a gaban mai haya kafin magariba.

Kafin kowane mai zane ya fita, ya cike 'yar takarda ba suna: kwafi nawa ya kawo, nawa ya sayar, wane farashi ya fi tafiya, ko ya mayar da kuɗin teburinsa. Mai ƙofa ya ba da adadin hatimi awa-awa. Kwamiti ya zauna cikin mako guda, ma'aji ya karanta shiga da fita, a tura wa masu tallafi hotuna da lissafi. In biyu bisa uku na masu tebur sun mayar da kuɗinsu, a ƙara tebur huɗu baɗi. In ba su kai ba, a bar adadin yadda yake, a rage kuɗin tebur, a ƙara makonnin talla a makarantu.